Ranar Da Na Riga Kowa Dawowa Daga Dass

Cikin duk abin da ya taɓa samuna a kan keke, har da faɗawar da na yi cikin kwata a Gwallaga a gaban masu shan shayi, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka miƙa mini makirufo ba. Har yau idan abin ya faɗo mini ina cikin wanke-wanke, sai in ji wata 'yar ƙara ta kuɓuce mini. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ke da wa?" In ce mata ba kowa. Gaskiya kuwa nake faɗa. Yawancin labarina da keke ba kowa a ciki sai ni.

Keken na yayana ne. Da ya samu aiki ya bar Bauchi, sai ya jingine shi a zaurenmu da ke Ƙofar Dumi, tayoyin suka sace, gizo-gizo ya yi gida a cikin sarƙar. Ni kuma a lokacin na gama jami'a ina zaune a gida ina jiran aikin da bai san ina jiransa ba. Ƙawayena wasu sun yi aure, wasu sun bar gari, waɗanda suka rage kuma idan na kira su sai mu gaisa mu yi shiru. Ina da littafin da nake rubuta waƙoƙi a ciki (kada ku nemi in nuna muku), ina da lokaci mai yawa, sai kuma wannan keken. Na kai shi wajen mai gyara, na sayi hular kwano, na ɗinka doguwar riga mai tsaga da wando mai kauri, na samo ƙaramin hijabi da hular za ta zauna a kansa. Kullum bayan sallar asuba, kafin lungunanmu su cika da babura, sai in fita.

Baba bai hana ni ba, amma ya ja mini layi.

"Iyakarki Yelwa," in ji shi. "Mace ita kaɗai a hanyar daji, ba da yawuna ba. Ki samo abokan tafiya, mutanen da na sani, sannan mu sake magana."

Abokan tafiyar kuwa na san inda suke. Duk ranar Asabar sukan wuce ni a hanyar Dass, su wajen ashirin, cikin riguna kore iri ɗaya, suna hira suna dariya a kan kekunansu kamar suna zaune a tabarma. Wani cikinsu yakan ce, "Sannu da ƙoƙari," kafin in buɗe baki in amsa sun yi nisa. Ni kuma in kai iyakata in juyo. Ba gudunsu nake sha'awa ba, Allah Ya sani. Hirar nake sha'awa. Ina son in ga dutse mai kyau in ce wa wani, "Dubi wancan," ya duba.

Da na bincika sai na ji cewa ba a shiga ƙungiyar da cike takarda. Sau ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar ruwan sama, suna yin doguwar tafiya ta kilomita ɗari da ashirin, kowa na iya shiga. Duk wanda ya gama kafin la'asar, kuma katinsa ya cika da hatimi, za a ba shi koriyar riga, ya zama nasu. Shugabansu, Alhaji Sabo, tsohon malamin makaranta ne da ya haura sittin, kuma ashe shi ya koyar da ƙanin Baba lissafi. Wannan ne ya sa Baba ya yarda da tafiyar rana ɗaya, bayan ya kira shi a waya ya ce masa, "Amana ce na ba ka, Malam."

Wata uku na yi ina shiri. Da yake iyakata Yelwa ce, sai in je in dawo, in je in dawo, har sau biyar ko shida. Akwai wata mai ƙosai a bakin hanya da nake gaisarwa duk wucewa. A zagaye na huɗu takan daina amsawa, ta bi ni da ido kawai, irin kallon da ake yi wa wanda ake tunanin a kai shi a yi masa addu'a.

Ranar ta zo. Muka taru a filin wata makaranta gari na wayewa, mahaya sun fi talatin, ni kaɗai ce mace. Akwai dai wata mace a teburin rajista, Anti Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce da ke taimaka musu da akwatin magani. Ita ta ba ni katina, ɗan farin kwali mai gida biyu na buga hatimi.

Daga nan Alhaji Sabo ya tafa hannu ya ce a matso a ji bayanin hanya. Maza suka kewaye shi kafaɗa da kafaɗa, ba ko ƙofar da kaza za ta bi. To ni, 'yar Ƙofar Dumi da aka raina a kan cewa idan maza sun taru a zaure ko tari ba a yi, ta ina zan kutsa? Sai na koma gindin wata bishiyar maina, na riƙe kekena, na yi fuskar mai saurare.

Anti Rifkatu ta ɗago kai ta ce, "Ke ba za ki matsa ki ji ba?"

Na ce, "Ina ji daga nan, Anti."

Ba na ji. Ga janareta na ruri a bayana. Abin da ya iso kunnena bai wuce kalma huɗu ba: Dass, hatimi, a juyo, la'asar. Na haɗa su na yi wa kaina bayani mai kyau: za a je Dass a buga hatimi na farko, a juyo, a buga na biyu a nan filin. Har na ji daɗin kaifin basirata. (Ina da digiri, ku tuna.) Tambaya ɗaya da na yi wa Anti, da duk wannan labarin bai faru ba. Amma na riga na ce ina ji, kuma ban so ta san ƙarya na yi.

Aka tashi. Na yi ƙoƙarin bin su, amma kafin mu fita daga Gwallameji sun zama ɗigo-ɗigo kore a can gaba, daga baya ma suka ɓace. Na koma abin da na saba: ni, da ƙarar sarƙa, da numfashina.

Ba zan ɓoye ba, awa biyun farko sun yi daɗi. Karo na farko ke nan da na wuce Yelwa a kan keke. Dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, ciyawa ba ta gama bushewa ba, duwatsu sun hau kan juna kamar wani ne ya jera su ya tafi ɗauko wasu bai dawo ba. Na ga wani makiyayi tsaye da ƙafa ɗaya ya jingina da sandarsa, shanunsa farare suna ƙetare hanya ba tare da sun damu da ni ba. Sau uku ina juyawa gefe zan ce, "Dubi wancan." Sau uku ina haɗiye maganar.

Tun kafin in kai Dass na fara haɗuwa da su suna dawowa. Na gaba shi ne Danladi, wani siririn saurayi da kowa ya san ba a kama shi. Ya ɗaga mini yatsa biyu ya wuce. Sauran suka biyo baya rukuni-rukuni. Alhaji Sabo ya rage gudu ya ce, "Lafiya dai, 'yata?" Na ce lafiya lau, da murmushin da ya fi ƙarfina. Ya ce, "To sai kin iso," ya bi su.

Da na isa bakin garin, mai buga hatimi har ya fara naɗe tabarmarsa. Ya karɓi katina ya buga a gida na farko.

"Ke ce ta ƙarshe, 'yan mata. Motar da ke bin baya ma ta tafi da wani da jijiyarsa ta ɗaure. Ki ɗan taka, kada masar ta ƙare."

Na yi dariya na ce to, a zatona masar da za a ci a filin makaranta yake nufi. Na sha ruwa, na ci dabino uku, na juyo.

Dawowar ce ta nuna mini iyakata. Rana ta ɗaga, kwalta ta fara turiri. Sirdin ya zama kamar dutsen niƙa, wuyana ya ƙage, yatsuna suka mutu a kan birki. Babu koriyar riga ko ɗaya a gaba, babu a baya. Manyan motoci kawai ke wucewa su watsa mini iska mai zafi. Tun ina lissafin nisan da ya rage har na koma lissafin rayuwata. Na tuna ƙawayen da ba sa kira. Na tuna yadda a gidanmu ake sona amma ba wanda ya taɓa tambayata me nake gani idan na fita. Na ce a raina, mutum talatin, a rasa ɗaya da zai ce bari mu jira yarinyar nan? Sai ga hawaye. Kuka a kan keke kuwa ba shi da kyan gani, domin hannu biyu duk suna aiki, babu na share fuska.

Cikin wannan hali ne na hango wani jan ƙyalle ɗaure a reshen tsamiya, daidai inda wata hanyar burji ta rabu da kwalta ta nufi bayan dutse. Iska tana kaɗa shi a hankali. A kan kwaltar kuma an yi wani zane da farar ƙasa, wanda na bi ta kansa ban ko sunkuya ba. Ƙyallen ne ya tafi da hankalina. Na ji a duk faɗin hanyar nan shi kaɗai ya san halin da nake ciki. Nan take baiti ya zo mini:

Wa ya bar ka a reshe, ja kamar zuciya,
kana ɗaga wa kowa hannu, ba mai tsayawa?

Na yi ta maimaita shi har kilomita goma don kada in manta. Na ma yi alfahari da shi.

Da na shigo gari na fara shirya kalaman ban haƙuri. Na tabbata zan tarar an kwashe kujeru, Anti Rifkatu kaɗai ta rage tana duba agogo. Burina ɗaya, a buga mini hatimin nan na biyu ko da a kan bayan mota ne, in karɓi rigata in tafi gida.

Sai na karyo kwanar makarantar na ga rumfa cike da mutane. Matan mahaya, 'ya'yansu, abokansu, kowa ya zuba wa ƙofa ido. Sai mai gabatarwa, wani mutum mai babbar murya da hular zanna, ya miƙe da makirufo a hannu.

"Jama'a, ga na farko nan ya iso. A'a, ku tsaya. Ta iso. Mace ce."

Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa. Aka yo kaina. Wani ya riƙe mini keke, wata ta zuba mini ruwan sanyi a hannu, wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Na ce, "Ina sauran?" Aka ce ai ni ce ta farko, ko Danladi bai iso ba.

Yanzu a nan ne ya kamata mai hankali ta ce akwai kuskure. Na san gudun da nake yi. Akuya mai ciki ta taɓa wuce ni a hawan Yelwa. Amma zuciya ba ta da kunya. Cikin daƙiƙa biyar ta ƙera mini bayani: ai akwai inda na daɗe kaina a sunkuye ina kuka, wataƙila sun ratse cikin inuwa suna hutawa na wuce su ban gani ba. Su gudu suka yi suka gaji, ni kuwa ban tsaya ba. Abin ya zauna daidai. Kuma ku fahimce ni, wata nawa ban ga fuskoki da yawa haka sun juyo gare ni lokaci ɗaya ba. Ban so a ce ba nawa ba ne.

Na ciro wayata daga jaka na kira Baba.

"Baba, na zo ta ɗaya."

Ya ce, "Ta ɗaya daga gaba ko daga baya?"

"Daga gaba, Baba."

"Ikon Allah," in ji shi. Kafin in kashe na ji yana cewa da mutanen majalisarsu ta ƙofar masallaci, "Kun ji 'yar wajena..."

Sai mai gabatarwa ya miƙo mini makirufo ya ce in gaya wa jama'a sirrin. Na karɓa. Da hannuna na karɓa, ba wanda ya tilasta ni. Na gyara hijabi na ce ba ƙarfi ne ke kai mutum ba, haƙuri ne. Na ce doguwar hanya tana son wanda ya iya zama shi kaɗai. Na ce, kuma wannan ne ke tashina tsaye har yau, "Sirrin shi ne kada mutum ya riƙa waige-waige. Ya dubi gabansa kawai ya tafi." Aka tafa. Na ga wata tana share ido. Da an bar ni minti ɗaya, da na karanta musu baitin jan ƙyalle.

Ana cikin tafin ne Danladi ya shigo. Jan taɓo ya ɓata shi har gwiwa, kekensa kamar an tono shi daga rami. Na dubi nawa keken, fes, ko ɗigo babu.

Mai gabatarwa ya yi masa maraba da na biyu. Danladi ya cire hula yana haki ya ce, "Na biyu? Wa ya riga ni?" Aka nuna ni. Ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba, da wani irin sauƙi da ya sauko masa a fuska.

"Ƙanwata, ashe kina nan. A ina kika wuce mu?"

Anti Rifkatu ta taso daga teburinta a hankali ta ce, "Kawo katinki in gani." Na miƙa mata. Ta dubi gida na biyu, fari tas, ta dube ni.

Na ce, "Ai na biyun a nan ake bugawa, ko?"

Na manta makirufon yana hannuna, a daidai bakina. Tambayar ta fita ta lasifika biyu, ta daki bangon azuzuwa ta dawo. Ko janareta sai da na ji kamar ya rage murya.

Danladi ne ya yi bayani, yana ƙoƙarin yin ƙasa da murya, amma kowa na ji. A wajen jan ƙyallen ake ratsewa, kibiyar farar ƙasa ma tana nunawa. A bi burji a zaga bayan dutse zuwa wani ƙauye, kilomita talatin na hawa da gangara da taɓo, a can ake buga hatimi na biyu. A can kuma, bisa al'adarsu ta kowace shekara, mutanen garin ke yi musu masa da miyar taushe, kuma ba a tashi sai na ƙarshe ya iso ya ci.

"Mun fi awa muna jiranki," in ji shi. "Matan garin da suka ji akwai mace a kan keke, har tsofaffi sun fito bakin hanya. An ajiye miki naki a kwano an rufe. Garin ba sabis, ba halin kira. Alhaji ya ce mu taho, shi ya koma hanyar Dass nemanki."

Ban san lokacin da aka zare makirufon daga hannuna ba. Ba wanda ya yi mini dariya a fuska, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Matar da ta fara guɗa ta shiga gyaran ɗankwalinta da muhimmanci. Na koma gindin mainar nan na zauna a ƙasa, ina kallon mahaya suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji labari ya waigo ya sauke ajiyar zuciya.

Alhaji Sabo ne ya shigo ƙarshe, ana kiran la'asar. Dattijo ya ƙara wa kansa tafiyar da ba ta cikin lissafi, yana leƙa kwalbati yana tambayar masu gona ko sun ga wata yarinya. Na taso na durƙusa a gabansa. Ya sauka da ƙyar, ya kwance wani ƙullin leda daga bayan sirdinsa ya miƙo mini. Masa ce guda biyar, ta yi sanyi, ta lotse.

"Alhamdu lillahi da kike lafiya, 'yata. Ci, taki ce." Ya ɗan numfasa. "Riga kam sai baɗi. Kati bai cika ba, kuma ko ɗana ne haka zan ce masa."

Na ce na sani. Na ci masar ina kallon ƙasa. Ban taɓa cin abu mai daɗi da wuyar haɗiya kamarta ba.

A gida na tarar da Baba a zaure. Labari ya riga ni isowa, domin hoton jawabina ya zaga wayoyi kafin in zaga shataletale. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Har liman na faɗa wa," in ji shi. "Ya sa miki albarka a gaban mutane. Yanzu sai in koma in ce masa a rage kilomita talatin a cikin albarkar."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, ya bar ni na gama. Sannan ya ce, ba tare da faɗa ba, "Iyakarki Yelwa, har baɗin."

To, ga ni nan ina jiran baɗi. Ina fita bayan asuba, in je in dawo. Ranar Asabar suna wuce ni, yanzu sun san sunana, wasu kuma "Ta Ɗaya" suke kirana, ina amsawa, don na ci sunan da gumina. Baitin nan yana cikin littafi, na ja masa layi biyu, ban dai iya yage shafin ba.

Na koyi cewa idan ana bayani in matsa in ji, idan ban ji ba in ce ban ji ba, ko da kunya za ta tsaga ƙasa da ni. Kuma duk ranar da na ga hanya ta zama tawa ni kaɗai, ba kowa gaba ba kowa baya, ba na saurin yi wa kaina kukan an manta da ni, balle in yi wa abin waƙa. Nakan taka birki tukuna in duba, ko ni ce na wuce inda ake jirana.